Bambancin maudlin, mawkish da schmaltzy a Turanci

Malam, ka tambaya ko maudlin, mawkish da schmaltzy ma'anarsu ɗaya ce, tunda dukkansu suna nuni ga wuce gona da iri wajen bayyana tausayi ko soyayya. Ba ɗaya ba ce, kuma inda suka rabu shi ne abin da kowacce take zargi.

Maudlin tana siffanta halin da mutum ya shiga, musamman mai zubar da hawaye yana tausayin kansa, kuma Turawa sun fi jingina ta ga wanda ya bugu har ya fara kuka yana tuna abin da ya wuce. Asalinta sunan Maryamu Magadaliya ne, ɗaya daga cikin mabiyan Annabi Isa a Littafi Mai Tsarki na Kirista, wadda masu zane na Turai suka saba nuna ta tana kukan tuba, shi ya sa har yau Kwalejin Magdalen ta Oxford, wadda aka kafa a 1458, ake furta sunanta daidai da wannan kalma. Wanda aka kira maudlin sau da yawa abin yana damunsa da gaske, kamewa ce kawai ta kuɓuce masa.

Mawkish ta fi ta zafi, domin hukunci ce a kan abin da aka rubuta ko aka faɗa, da irin ƙyamar da yake sa wa mai karatu. Ta fito daga tsohuwar kalma mawk, wato tsutsa, kuma a ƙarni na 17 tana nufin abin da ke tayar da zuciya. Idan mai sharhi ya ce jawabin ta'aziyya ko ƙarshen labari mawkish ne, yana nufin an matso hawaye da dole, kuma bai yarda daga zuciya abin ya fito ba. A ganina wannan ce kalmar da ta fi cutar da marubuci.

Schmaltzy kuwa Turancin Amurka ya aro ta daga Yiddish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, inda schmaltz ke nufin narkakken kitsen kaza. An fi amfani da ita ga kiɗa da fim, kuma tana da sauƙi, har mutum yana iya cewa waƙa schmaltzy ce alhali yana son ta. Sai dai kalmar hira ce, don haka a rubutun makaranta ko sharhin adabi mawkish da maudlin sun fi ta dacewa.