Fim ɗin tarihin Musulunci: wanne za ka saka wa iyalinka a watan azumi?

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, shagunan masu tura finafinai sai su cika da magidanta masu neman "fim ɗin tarihi" da za a kalla bayan an sauko daga asham. Tashoshin tauraron ɗan'adam su ma a lokacin suke fito da nasu. Sai dai abin da ake kira fim ɗin addini iri-iri ne, kuma mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba, shi dai ka miƙo memori ka biya. Abubuwa uku nake dubawa kafin in bari a kunna a falona: wa aka nuna fuskarsa, daga ina aka ɗauko labarin, kuma wa ya fassara shi zuwa Hausa.

Wanda na fi amincewa da shi har gobe shi ne Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya fitar a 1976. An ɗauke shi a Maroko da Libiya, kuma sau biyu aka yi aikin, da ƴan wasa daban-daban: ɗaya da Larabci, ɗaya da Turanci. A na Turanci Anthony Quinn ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza, a na Larabci kuwa Abdullahi Gais, ɗan ƙasar Masar. In kana da zaɓi ɗauki na Larabci. Ya fi tsawo, ya haura awa uku, kuma ayoyin suna fitowa da lafazin da aka saukar da su.

Ladabinsa ne ya sa na fifita shi. Daga farko har ƙarshe ba a nuna Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ba, ba a kuma sanya masa murya ba. In sahabbai za su yi masa magana sai su fuskanci kyamara, su yi shiru, sannan wani ya isar da abin da aka ce. Haka ba a nuna matansa ba, ba a nuna halifofi huɗu ba. A fagen Badar bakin takobin Sayyidina Ali kawai ake gani. Malaman jami'ar Azhar ta Masar sun duba rubutun labarin kafin a fara ɗauka, duk da haka ya sha suka, har sai a 2018 aka haska shi a gidajen kallo na Saudiyya bayan an sabunta hotonsa. Shi Akkad bai ga wannan ranar ba, domin ya rasu a harin bam da aka kai otal-otal na birnin Amman a 2005.

Kuma labarin yana tafiya a kan abin da ɗalibin Islamiyya ya riga ya karanta a sira: azabtar da Bilal da dutse a ƙirji, shahadar Sumayya da Yasir, hijira zuwa Habasha, hijirar Madina, Badar, Uhudu, sulhun Hudaibiyya, buɗe Makka. Wurin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi ya karanta ayoyin Suratu Maryam, duk sanda na kalle shi sai jikina ya yi sanyi. Yaro in ya ga wannan sau ɗaya, ba sai an sake yi masa bayanin dalilin hijirar farko ba. Yana da nasa naƙasu, ban ɓoye ba. Akwai kiɗa a ko'ina cikinsa, an matse shekara 23 cikin zama ɗaya, kuma rashin nuna Sayyidina Abubakar da Umar ya sa mai kallo zai zaci rawar da suka taka ƙarama ce. Sannan wanda malaminsa ya hana kwaikwayon kowane sahabi, to wannan ma bai tsira ba, tunda ga Hamza ga Bilal ga Ammar. Wannan ka tambayi malaminka.

Sai fim ɗin Umar, mai dogon zango, da tashar MBC ta haska a azumin 2012, kashi 31, Hatim Ali ya ba da umarni. An kashe masa kuɗi, Larabcinsa mai tsabta ne, kuma malamai irin su Yusuf Alƙardawi da Salman Al'auda sun duba rubutunsa. Amma ya nuna fuskokin halifofi huɗu ƙuru-ƙuru, abin da Azhar ta ƙi amincewa da shi. Ni damuwata yara ce: daga ranar, duk sanda aka ambaci Sayyidina Umar a masallaci, fuskar ɗan wasa ce za ta faɗo musu a rai.

Na Annabi Yusuf da Iran ta yi a 2008, kashi 45, shi ne mata suka fi nema. An nuna fuskar Annabi Yusuf da ta Annabi Yaƙub, an kuma ja zancen Zulaiha har ya rinjayi sauran ƙissar, da abubuwa masu yawa da babu su a cikin surar. Sarkin Masar ma an ba shi sunan wani Fir'auna na tarihi, alhali Alƙur'ani sarki kawai ya kira shi. Ba na saka shi. Ertugrul na Turkiyya kuwa fim ne na yaƙi da kishin daula, ba darasin addini ba ne, kar a haɗa su. Fim ɗin katun na Bilal da aka yi a Dubai a 2015 ya yi kyau a ido, amma da ƙyar za ka ji Musulunci a cikinsa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne na fi so a buɗe kunne. Fassara. Na taɓa karɓo wani fim na tarihin sahabbai da aka ɗora wa muryar Hausa, muna cikin kallo da iyali sai na ji mai fassarar ya ce "Manzon Allah ya ce", ya kawo wata magana da ban taɓa jin ta a bakin wani malami ba. A ƙarƙashin muryarsa ana jin Larabcin asali ƙasa-ƙasa, kuma ba abin da ɗan wasan yake faɗa ke nan ba. Can gaba ya sa wa Abu Jahal barkwanci irin na fassarar fim ɗin Indiya, yara suna ta dariya a wurin da ake azabtar da musulmi. Wanda bai iya Larabci ba, ya zauna yana cike gurbi da abin da ya zo masa a baki, yana jingina shi ga Annabi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hadisin da ya yi gargaɗi kan yi wa Manzon Allah ƙarya da gangan mutawatiri ne, wato ya zo ta hanyoyi masu yawa da ba a shakkar ingancinsa, kuma mai kunna wa iyalinsa ya kamata ya ji tsoron yaɗa ta. Don haka kafin ka biya, ka ce a kunna maka wurin da ake karanta aya ko hadisi. In ka ji an danne karatun da surutu, ko fassarar ta fi maganar asali tsawo nesa ba kusa ba, karɓi memorinka ka yi gaba.

Sai canza suna. Za ka ga an rubuta "Tarihin Annabi Musa" ko "Tarihin Annabi Nuhu", ashe finafinan Amurka ne da aka gina kan ruwayar Baibul ko son ran marubuci. Na Nuhu da ya fito a 2014, ƙasashe irin su Katar da Bahrain da Daular Larabawa hana haska shi suka yi. Haka "Tarihin Annabi Isa" sau da yawa fim ɗin Yesu ne na 1979, wanda aka gina kan Linjilar Luka, kuma akwai shi da Hausa. Ƴan'uwanmu Kirista sun san nasu ne, da sunansa suke nemansa. Laifin na mai shagon ne da ya sauya masa suna don ya sayar wa wanda bai sani ba. A YouTube abin ya fi muni: hoton bango na bogi da aka haɗa da kwamfuta, a ciki kuwa guntayen finafinai daban-daban aka jona.

Kar ka yarda da kalmar "kammalalle" sai ka ƙirga da idonka. Umar 31 ne, in ka ga 24 an yanke. Wasu kan raba kashi ɗaya gida biyu don adadin ya cika. Memorin ma akwai jabu, a jikinsa an rubuta giga 32, a waya ma haka zai nuna, amma rabin abin da aka tura ba zai buɗe ba sai ka isa gida. Ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe tun kana shagon. Kuma ka je da memorinka wanda ka goge da kanka, ka duba duk abin da ke ciki kafin ka miƙa wa uwargida ko yara, domin kwamfutar da ake tura tarihin sahabbai da ita ake tura komai, kuma ba kowane yaron shago ne ke lura da abin da ya haɗo maka ba.