Faffaɗan tayar baya a 350Z: taya ta yi, amma mai shago ya ba ni wahala

Kan tayar ba ni da wani babban ƙorafi. Shagon da ya ɗaura min ita a Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Ghana, ne ya kusa sa na tsani motata, kuma ba zan kama sunansa ba.

Motar Nissan 350Z ce ta 2005, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Tawa ta zo da 225/45R18 a gaba, 245/45R18 a baya. Dama na bayan sun ɗan fi faɗi, tunda ƙafafun baya ne ke tura motar. Da suka cinye sai na ce bari na ƙara faɗi zuwa 275, saboda bayanta na yawan zamewa idan na taka totur a kwana. Rim mai faɗin inci tara da rabi na riga na samo, don na kamfani ya yi wa 275 ƙanƙanta. Abin da na rubuta wa mai shago a takarda shi ne 275/40R18. Na bar motar na tafi masallacin Juma'a, na dawo na tarar an ɗaura 275/35.

Na nuna masa lambar. Ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, 275 ce ai. Wannan ma ta fi kyau a ido." Na ce, "Masta, ba ita na rubuta ba." Ya rantse cewa idan ta ba da matsala in dawo da ita, ba sai na ƙara ko sisi ba.

A ido kam ta yi kyau, ba ƙarya. Bayan motar ya cika, ta zauna daram. Amma ban wuce Anloga Junction ba fitilar SLIP, mai gargaɗin cewa taya na santsi, ta fara ƙyaftawa. Ina taka totur motar na riƙe kanta kamar dokin da aka ja wa linzami, a kan busasshiyar kwalta, ba ruwa ba yashi. A hanyar Ejisu na fito zan wuce wata tirela, ina tsakiyar wucewa ƙarfin inji ya yanke, ga bas na tahowa. Allah ne ya kiyaye. Har yanzu idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Lissafin ba wuya gare shi ba, shi ya sa abin ya ƙona min rai. Lambar tsakiya tana nuna tsayin gefen taya ne a matsayin kashi cikin ɗari na faɗinta. Kashi 45 na 245 milimita 110 ne, kashi 40 na 275 ma 110 ne, don haka tsayin ƙafa ba ya canjawa. Kashi 35 kuwa milimita 96 ne kacal. Ƙafar baya da ta fi ta gaba tsayi daga kamfani sai ta koma ta fi ta gajarta, tana juyawa da sauri fiye da yadda kwamfutar motar ta sani. Ita kuwa a wurinta duk sanda baya ya fi gaba gudu, santsi ake yi, sai ta rage wuta. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sayar da taya a ce bai san wannan ba?

Da na koma, maganar "ba ko sisi" ta bi iska. Wai taya ta taka ƙasa, ta zama tsohuwa. Wani yaronsa har cewa ya yi in danna maɓallin VDC OFF in huta, wato in kashe abin da ke tsare ni a damina don su kada su yi asara. Sai da fitan da ke duba min mota ya zo ya sa baki aka canja, kuma duk da haka na yi cikon sidi masu ciwo, na sake biyan kuɗin ɗaurawa da na balansi.

Tun da 275/40 ta hau, fitila ba ta sake kamawa ba. Riƙon da take yi a busasshen titi ya ba ni mamaki, ko a shataletalen filin jirgi bayan ba ya motsi. Da a nan zan tsaya da na ce kowa ya sa.

Sai dai akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Gaban har yanzu 225 ne, don haka idan na shiga kwana da zafi hancin motar ne ke neman miƙewa. Inda manyan motoci suka kwarzaba kwalta a hanyar Konongo, faffaɗar tayar tana bin sawunsu, dole ka riƙe sitiyari da hannu biyu. Idan aka yi ruwan Kumasi mai ƙarfi ya kwanta a titi, ta fi tsohuwar saurin yin iyo a kansa. Mai ma ta ɗan ƙara sha.

Kuma shekaranjiya da ake wanke motar na ga wurin ɗaure noti a sabon rim ɗin hagu duk ya kwarje, aikin yaran shagon ne da bindigar iska. Na kira Masta, ya ce haka rim ɗin ya zo.