Kaushin da Ido Ke Gani da Wanda Hannu Ke Taɓawa: Hanyoyi Biyu na Sa wa Zane Fata a Manhajar CAD

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ya zana mariƙin wani kayan aiki a kwamfuta, ya lulluɓe shi da kaushi irin na jemammiyar fata, a kan allo ya fito kamar a taɓa, amma da ya buga shi da firintar 3D sai ya fito sumul kamar ƙwai. Yana so ya san inda kaushin ya ɓace, da kuma hanyar da ta fi dacewa ya bi.

Ɗan'uwa, kaushin bai ɓace ba, tun farko ne bai shiga jikin zanen ba. Hanyoyin biyu ne, kuma sun yi kama a ido har suna rikitar da mutane da yawa.

Ta farko ita ce a manna hoto a saman abin. Edwin Catmull ne ya gabatar da dabarar lulluɓe siffa da hoto a 1974, sannan a 1978 James Blinn ya ƙara mata wata hikima, wato a yi amfani da hoto mai fari da baƙi domin a gaya wa kwamfuta yadda haske zai sauka a kowane ɗigo, ta yadda ido zai ga tudu da kwari a inda babu su. Wannan shi ne abin da ka samu lokacin da ka ɗauko fata daga jerin kamanni na manhajar CAD (wato manhajar zana kaya a kwamfuta) irin su Fusion 360 ko SolidWorks ka ɗora wa mariƙin. Akwai gwaji mai sauƙi da zai tabbatar maka da haka: ka juya zanen har gefensa ya fuskanci farin allo, ka matso da shi sosai. Za ka ga tsakiyar cike da ƙuraje, amma layin gefen a miƙe yake kamar an ja shi da rula. Amfanin wannan hanya shi ne sauƙi, domin fayil ba ya yin nauyi, kuma kana iya sauya fata zuwa katako cikin ƙiftawa da bismillah. Sai dai fayil ɗin STL da ake fitar da zane a cikinsa domin bugawa da firintar 3D, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987, alwatika kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar hoto, shi ya sa firintarka ba ta taɓa sanin da zancen fatar ba.

Hanya ta biyu kuwa tana motsa jikin abin ne da gaske. Robert Cook ya bayyana ta a 1984, kuma ita ma da hoto mai fari da baƙi take aiki, sai dai a nan kwamfuta tana tura fuskar waje a inda hoton ya yi fari, ta bar ta ƙasa a inda ya yi baƙi. SolidWorks ya samu wannan tun fitowar 2019 da sunan 3D Texture, a manhajar Blender kuma Displace ne ke yin aikin. Wannan kaushin zai bayyana a gefe, zai shiga STL, kuma hannu zai ji shi.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi, domin tsadar wannan hanya a nauyi take. Kowace alwatika a fayil ɗin STL nau'in binary tana cin bayit 50. Idan fuskar da za ka lulluɓe ta kai milimita 100 a tsawo da 100 a faɗi, kuma kana so ragar alwatikan da ke lulluɓe fuskar ta yi laushi har zuwa milimita 0.1, za ka samu murabba'i miliyan ɗaya, wato alwatika miliyan biyu, fayil ɗin kuma ya doshi megabayit 100 saboda tafin hannu guda na fata. Alhali bakin firintar da aka fi amfani da shi milimita 0.4 ne, kaurin kowane shafin roba da firinta ke shimfiɗawa kuma yakan kai 0.2, don haka yawancin waɗannan alwatika ba za su taɓa fitowa a roba ba. A ganina, kuskure mafi yawa shi ne mutum ya zaɓi ƙananan ƙuraje saboda sun yi kyau a allo, bai auna su da bakin firintarsa ba. Gara ka faɗaɗa hoton, ka ba shi zurfin da ya kai aƙalla shafi biyu ko uku idan kaushin yana fuskar sama ne.

Akwai wata asara kuma: da zarar ka mayar da zanen raga, gyara ma'auninsa ya zama wahala, domin ya daina zama daskararren jiki mai bin lambobin da ka sa. Saboda haka ka adana kwafin asali, ka bar sa kaushi ya zama aiki na ƙarshe, kuma ka keɓe wuraren da za su haɗu da wani ɓangare, kamar ramin kusa, su zauna sumul.

Idan abin zai tafi masana'antar zuba roba ne, duka hanyoyin biyu ba su ne ake bi ba galibi, domin a jikin mazubin ake sassaƙa kaushin, kai kuma ka rubuta lambarsa bisa ma'auni irin VDI 3400, tare da ƙara karkatar bango domin abin ya fita ba tare da ya kankare ba.

Game da mariƙinka, tunda manufarka ita ce kada ya zame a hannu, hanya ta biyu ce taka. Amma kafin ka shiga wahalar raga, ka gwada Fuzzy Skin da ke cikin Cura da PrusaSlicer, manhajojin da ke shirya fayil domin firinta, wanda ke sa bakin firinta ya riƙa karkarwa kaɗan yayin da yake zana bangon waje. Ba zai ba ka zanen fata ba, amma zai ba ka riƙo mai kyau ba tare da ka taɓa zanenka ba, kuma ɗan guntu mai faɗin santimita 3 ya isa ka ji a yatsanka ko abin ya yi maka.