Shekara biyu da The Penguin Guide to Jazz Recordings a gefen gadona

Littafi ne na sharhin faya-fayen kiɗan jaz. Na gwanjo na saya, bugu na tara, wanda ya fito a 2008. Mai sayarwa ya rubuta cewa kamar sabo yake, amma da ya iso sai na tarar bangon ya lanƙwashe, wani kuma ya taɓa ɗora kofin shayi a kai. Ban mayar ba, don abin da ke ciki na biya.

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne nauyinsa. Ya haura shafi 1,500, takardar siririya, rubutun ƙanana ƙwarai, sahu biyu a kowane shafi. In idonka ya fara gajiya, to ka tanadi tabarau. Turawan Birtaniya biyu ne suka rubuta shi, Richard Cook da Brian Morton. A 1992 suka fara fitar da shi, suka riƙa sabuntawa bayan 'yan shekaru. Cook ya rasu a 2007, kafin wannan bugun ya fito.

Tsarinsa ba wuya. An jera makaɗa bisa haruffan sunayensu, a ƙarƙashin kowa an kawo faya-fayensa, da kamfanin da ya fitar, da lambar faifai, da watan da aka ɗauki sautin, da sunan duk wanda ya riƙe wani abin kiɗa a ranar. Sai taurari, daga ɗaya zuwa huɗu, sai sharhi. Akwai kuma wata alamar kambi da suke saka wa 'yan ƙalilan ɗin da suka fi kwanta musu a rai.

Da farko taurarin nake bi, kamar yadda kowa zai yi. Daga baya na gane ba nan dukiyar take ba, tana cikin jerin sunayen nan da ido ke tsallakewa. A waya, in ka kunna faifan Kind of Blue, sunan Miles Davis kaɗai za ka gani, sai ka ce shi kaɗai ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a 1959. Littafin ne ya tsayar da ni a kan sauran: John Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon, Bill Evans a fiyano, Wynton Kelly ya karɓe shi a kiɗa ɗaya, Jimmy Cobb a ganga, Paul Chambers a bas, wato babban abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin murya. Na ɗauki sunan Chambers na koma fihirisar da ke ƙarshe, na bi shi gida-gida. Ga shi a faifan Blue Train na Coltrane a 1957, ga shi tare da Art Pepper a shekarar, ga shi a Giant Steps inda Coltrane ya sa wa wani kiɗa suna Mr. P.C. don girmama shi, ga shi a Soul Station na Hank Mobley a 1960. Chambers ya rasu yana ɗan shekara 33, amma kusan duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa a wannan zamanin sai ka same shi zaune a ciki. Wata guda na yi ina sauraron bas kawai. Duk wanda ya tashi da kiɗan gargajiya ya san mai waƙa ake kira, amma sau da yawa makaɗin da ke bayansa ne ke riƙe da taron. A jaz ma haka abin yake, sai dai su sun rubuta sunan kowa.

In za ka saya, ka kula da bugun. Na bakwai an cire masa fihirisa don a samu wuri, sai a na takwas aka dawo da ita. Ba fihirisa, rabin amfanin ya tafi.

Ta hanyar makaɗin Amurka Yusef Lateef na shigo jaz, bayan na ji cewa ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1980 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi na fara nema, na kuma ji daɗin ganin faifansa Eastern Sounds na 1961 da sunayen waɗanda suka yi aikin tare da shi.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Ƙa'idar marubutan ita ce faifan da ke kasuwa a lokacin rubutu shi suke sakawa. Wanda kamfani ya daina bugawa, komai kyansa, sai ya ɓace daga littafin. Saboda haka kada ka ɗauka jerin da ka gani shi ne duk abin da makaɗi ya yi. Mai son cikakken lissafi sai ya nufi The Jazz Discography na Tom Lord, ko Jazz Records na Brian Rust in tsofaffin kiɗe-kiɗe na kafin 1943 yake nema. Waɗannan ba sa gaya maka mai daɗi da marar daɗi, lissafi ne zalla. Sannan marubutan suna da nasu son rai. A ganina suna yi wa makaɗan Turai masu kiɗan da ba ya bin ƙa'ida kara fiye da kima. Sau biyu na bi taurari huɗu na ƙare da abin da matata ta leƙo ta ce wa, ko injin niƙa ne ya lalace. Turancinsu ma na masu barkwanci ne, da habaici a ciki, wani lokaci sai na maimaita jimla kafin in gane yabo ne ko zambo.

Bugu na goma, na 2010, an rage shi zuwa zaɓaɓɓun faya-faye 1001, an jera su bisa zamani. Ya fi sauƙi ga sabon shiga. Ni dai na tara nake riƙe da shi, na manna bangon da salatif, yanzu kuma Wynton Kelly nake bi.