Hattara da mai tallan "agogon Bundy na 1870"

Jama'a masu sha'awar tara kayan tarihi, a yi hattara. Akwai wani da ke yawo a zaurukan WhatsApp da hotunan tsohon agogon ma'aikata, irin wanda Turawa ke kafewa a ƙofar masana'anta don buga lokacin shigar leburori da na tashinsu. Akwatin katako ne mai sheƙi, abin sha'awa. Ni kaina saura ƙiris in afka.

Ya ce min ƙirar Bundy ce ta 1870, wai gado ya ci. Tun nan na ji wani iri. Willard Bundy, mai sana'ar kayan ado a garin Auburn na jihar New York, sai a 1888 ya ƙirƙiro agogonsa, ƙaninsa Harlow kuma ya kafa kamfanin a Binghamton a 1889. To 1870 ta fito daga ina?

Da na buɗa hoto na uku sosai, sai ga farantin ƙarfe ɗauke da sunan IBM, kamfanin kwamfutar nan na Amurka. Ikon Allah! Sashen agogo na kamfanin Bundy ya narke cikin kamfanin International Time Recording a 1900, wannan kamfani kuma ya shiga haɗakar kamfanoni mai suna CTR a 1911, wadda ba ta koma IBM ba sai 1924. Ashe hotunan agoguna biyu ya haɗa, kan wani da gangar jikin wani. Ɗaya ma na same shi a shafin gwanjo na ƙasar waje, labulen da ke bayansa ko canzawa bai yi ba.

Na tambaye shi yadda yake aiki, ya ce kati ake sakawa. Alhali irin na farkon nan makulli ne: kowane ma'aikaci da nasa mai lamba, ya zura ya murɗa, lambarsa da lokacin su fito a kan zaren takarda da ke ciki.

Duk wannan bai hana shi neman rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami ba, sannan wai "kuɗin kwastan" ya biyo baya. Na ce, Malam, rubuta kwanan watan yau a takarda, ka ajiye a jikin agogon, ka buɗe ƙofarsa ka ɗauko min bidiyo. Ya ce makullin sito na hannun yaronsa. Washegari ya toshe ni.

Jiya na gan shi da sabuwar lamba. Ya gyara shekarar zuwa 1890, amma farantin IBM yana nan daram a hoto na uku.