BAILII: inda ake karanta hukuncin ɗaukaka ƙara kan lalata da yara

Na daɗe ina amfani da BAILII, rumbun intanet da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a shekarar 2000 domin kowa ya karanta hukunce-hukuncen kotunan Birtaniya da Ireland kyauta, kuma abin da ya fi kai ni can shi ne shari'o'in mutanen da aka samu da laifin lalata da ƙananan yara suka ɗaukaka ƙara.

Amfaninsa babba shi ne yana kawo hukuncin alƙalai cikakke, sakin layi bayan sakin layi, kowanne da lambarsa. Wanda ya saba jin irin waɗannan labarai a taƙaice yakan ɗauka cewa kotun ɗaukaka ƙara sake sauraron shari'ar take yi tun daga tushe, alhali a Ingila da Wales, bisa dokar ɗaukaka ƙara ta 1968 da aka yi wa gyara a 1995, idan samun mutum da laifi ake ƙalubalanta, tambaya guda alƙalan suke amsawa: shin hukuncin farko abin dogaro ne? Saboda haka gardamar takan tsaya kan yadda alƙalin farko ya yi wa masu taimaka masa yanke hukunci bayani, ko kan wata shaida da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba, ko sabuwar hujja da ta bayyana daga baya. Wanda aka samu da laifin yana da kwana 28 ya nemi izinin ɗaukaka ƙara, kuma idan ya makara dole ya kawo dalili mai gamsarwa.

Abin da ya fi taɓa min zuciya yana farkon shafi. Kafin a shiga bayanin laifi, alƙalai sukan tunatar cewa wata doka ta 1992 kan laifukan lalata ta hana wallafa duk abin da zai sa a gane wanda aka ci zarafinsa har ƙarshen rayuwarsa, sai ka ga an kira yarinya da harafi ɗaya tak, wani lokaci har sunan wanda ake tuhuma a sakaya idan ɗan uwanta ne.

Sai dai mai karatu ya shirya, domin Turancin lauyoyi ne tsantsa, ba sharhi a gefe, kuma wasu bayanan suna da nauyi ƙwarai. Ga ɗalibin shari'a da ma'aikacin kare haƙƙin yara ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba, amma iyalin da shari'a ta shafa su karanta shi tare da lauya.