Kan sarkin Schermack da na yo oda daga Amurka

Wata uku ke nan da isowar kan sarki guda bakwai da na saya ta intanet a hannun wani dillali a Amurka. Dukkansu jajaye ne na senti 2 masu hoton George Washington, da hudar kamfanin Schermack na birnin Detroit. Shida manne suke bibbiyu, ɗaya kuma shi kaɗai.

Hudar ce ta ja ni. Tun 1906 gidan wayar Amurka ya fara sayar wa kamfanoni kan sarki marasa huda, 400 a falle guda. Su kuma su yayyanka tsiri-tsiri, su haɗa da gam, su naɗe kamar tef, kowa kuma ya huda daidai da haƙoran injinsa, na sayar da kan sarki ne ko na manna shi a ambulan. Kamfanonin Brinkerhoff da Mailometer da Farwell kowa da irin tasa. Tawa ita ce Schermack kashi na 3, 'yan tsagogi biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya bisa ɗaya a tsakanin kan sarki da ɗan'uwansa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne mai mahaɗa. Da na sa tabarau mai ƙara girma sai ga gefen tsiri guda kwance ƙarƙashin ɗayan, gam ɗin ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Sai bayan kan sarki 20 ake samun irin wannan wuri, kuma hannun wani ma'aikaci ne ya liƙa shi shekara ɗari da ɗoriya. Na daɗe ina kallonsa.

Na bakwai ɗin ne ya ɓata min rai. Bakin tsagarsa a karkace yake, bai yi daidai da sauran ba ko kaɗan. Duk mai kan sarki marar huda da ɗan ƙarfe mai kaifi zai iya ƙaga wannan, shi ya sa jabu suka yi yawa. Dillalin bai sa hoton bayansa ba, babu kuma takardar tantancewa. Amma da na rubuta masa bai yi gardama ba, ya mayar min da kuɗin wannan ɗin.

Kayan sun yi mako shida a hanya, an kuwa shirya su da kyau a cikin kwali mai tauri. Zan sake saye a wurinsa, sai dai bibbiyu ko waɗanda ke kan ambulansu na asali. Mai tsada kuwa ba zan taɓa ba sai da takardar tantancewa daga Philatelic Foundation ta New York. Yanzu na Farwell nake nema.